Dokta da Mota Marar Ƙyalli

Ranar Talata da ƙarfe tara na safe, yayan matar Dokta ya faka wata baƙar mota a ƙofar gidan, ya fito ya bar ƙofofinta a buɗe.

Dokta ba likita ba ne. Mai wankin mota ne, shekara goma sha ɗaya yana yi da bokiti biyu da tiyo. Wata uku da suka wuce ya faɗa kallon bidiyon masu gyaran fenti a waya, waɗanda ke ɗaukar motar da ta sha ƙarzuwa su goge ta da inji har ta koma kamar madubi. Sai ya sayi tsohon injin gogewa, da farar riga irin ta asibiti, da 'yar tocilar da ake ɗaurawa a goshi, ya sa aka rubuta masa allo ya kafa a bakin ƙofa: ASIBITIN FENTI. Mai askin layin ne ya laƙaba masa sunan Dokta don tsokana, shi kuwa ya karɓe shi hannu biyu. Har zuwa wannan Talatar, marasa lafiya biyu asibitin ya taɓa gani: ƙofar firjin matarsa, da tankin wani babur da ba ya tashi.

Shi yayan matar tasa dillalin motoci ne, yana da fili mai cin mota talatin. A cikin filin akwai rumfar wanki da ta zauna babu kowa tun da mai ita ya bar gari. Wata biyu ke nan matar Dokta tana bin yayanta da roƙo ya ba mijinta rumfar.

"Ka ga motar nan?" in ji Yaya. "Ta wata lauya ce. Wata huɗu tana jiran a kawo mata ita. Ƙarfe huɗu zan zo da ita nan ta karɓa. Ka wanke ta ciki da waje, da ruwa da sabulu."

"Yaya, ai tun da ka kawo ta asibiti..."

"Ruwa da sabulu kawai. In na zo na ga aiki, rumfar taka ce."

Yaya mutum ne da yake ganin duk kalmar da ta wuce goma ɓarna ce. Ya tari ɗan acaɓa ya tafi.

Dokta ya sa farar rigarsa, ya ɗaura tocila a goshi duk da rana ta fito sarai, ya zagaya motar sau uku, hannunsa a baya. Motar baƙa ce, amma baƙin nata ba ya sheƙi ko kaɗan. Kamar allon makaranta take, ko bayan tukunya. Haske in ya faɗa mata, nan yake tsayawa, ba ya dawowa.

Maƙwabta suka fara fitowa. Mai aski ya tsaya a ƙofar shagonsa da almakashi a hannu. Tela ya leƙo daga tsallaken titi, da tef ɗin awo a wuya. Gwaggo mai lemo ta matso da kujerarta daga gefen firjinta, kusa da falwayar da take ɗaure ragonta. Ragon nan fari ne, ƙahonsa ya yi murɗa biyu, kuma duk layin sun san shi tun ranar da ya zaunar da mai karanta mita a cikin kwata.

"Dokta, yaya jikin mara lafiyar?" in ji mai aski.

Dokta ya girgiza kai. "An kawo ta a makare. Gishirin teku ne ya cinye ta a cikin jirgi. Fentin nan ya mutu a tsaye."

"Ni kuwa sai na ga kamar sabuwa ce," in ji tela.

"Kai zare ka sani. Sabuwar mota ce za ka tsaya a gabanta ba ka ga fuskarka ba?"

Matarsa ta fito da bokitin ruwa ta ajiye masa. Ta dubi motar, ta dubi injin gogewar da ya riga ya ɗauko.

"Maigida, Yaya ya ce ruwa da sabulu."

"Yaya ya san sayar da mota, bai san ciwonta ba. In kika kai yaro asibiti, ke kike gaya wa likita allurar da zai yi masa?"

"In yayana ne ya kai yaron, e."

"Ke dai ki je ki fara tunanin labulen da za mu sa a rumfa."

Ya wanke motar da ruwa da sabulu, ciki da waje, kuma gaskiyar magana wankin ya yi kyau, don wanki aikinsa ne. Ƙarfe goma da rabi ya gama. Da a nan ya zauna ya jira, da labarin ya ƙare. Amma a madubin cikin motar akwai wani kati mai tauri a rataye, da ƙananan rubutu da 'yan hotuna. Dokta ya tsinke shi, ya lanƙwasa shi ya ji ƙwarinsa, ya ga ya yi daidai da kwasar man gogewa daga gwangwani. Da shi ya ɗebo man, ya shafa a soson injin, ya kunna, ya ɗora a tsakiyar ƙofar direba.

Minti biyar ya yi, ya ɗaga inji, ya share wurin da tsumma. Wata da'ira ta bayyana, girman faranti, tana sheƙi kamar an zuba ruwa a baƙin gilashi.

Mai aski ya ƙetaro, ya sunkuya, ya ga fuskarsa a ciki, ya gyara gashin bakinsa.

"A'a. Mutumin nan fa ashe ya iya."

"Tukuna ma," in ji Dokta. "Wannan gwajin jini ne kawai. In na gama da motar nan, kai madubin shagonka za ka sayar, ka riƙa turo mutane nan su duba ƙeyarsu. Ragon Gwaggo in ya zo wucewa, sai ya rantse ɗan'uwansa ne a ciki."

"Ka cire ragona daga bakinka," in ji Gwaggo. "Ba ya son raini."

Daga nan aiki ya kankama. Dokta ya gama ƙofar direba, ya koma ta baya, ya gangara har gefen but ɗin zuba kaya, yana goga yana bayani. Ya gaya wa jama'a cewa fenti fata ce, tana numfashi. Ya gaya musu cewa a duk duniya masu irin hannunsa ba su fi bakwai ba, kuma biyu sun tsufa. Masu wucewa suka tsaya. Wani mai tallan tabarau ya ajiye allonsa. Gwaggo ta sayar da lemo tara kafin azahar, abin da ba ta saba yi ranar Talata ba. Mutane suna son ganin abu yana canzawa a gaban idonsu, ba su cika tambayar ko ya kamata ya canza ba.

Ƙarfe goma sha biyu da kwata aka ɗauke wuta. Injin ya yi wani ɗan kuka ya tsaya. Gefen hagu na motar yana walƙiya, gefen dama yana nan kamar allo.

"An ɗauke wuta ana tsakiyar tiyata," in ji mai aski. "Dokta, a sanar da dangi?"

"Ka kawo janaretanka."

"Ina da mutum a kujera."

"Mutumin zai mutu in ya jira?"

Aka jawo janaretan daga shagon aski, mutumin da ake yi wa askin ya biyo shi waje, rabin kansa a aske, da mayafin aski a wuyansa, yana tambayar inda za a kai wutarsa. Dokta ya kama igiyar tayar da janaretan ya ja da ƙarfin da zai nuna wa jama'a cewa shi ba likitan zaune ba ne. Igiyar ta tsinke, ya tafi da baya ya zauna a cikin bokitin sabulu.

Tela ya ba da tef ɗinsa, aka naɗa, aka ja, tef ya rabu biyu a kan inci talatin da ɗaya. Sai idon kowa ya koma kan igiyar da ke wuyan rago.

"Kada ma ku fara," in ji Gwaggo.

"Minti biyar, Gwaggo. In ya tashi za a mayar."

"Da me zan ɗaure shi?"

Tela ya kawo wani dogon ƙyallen atamfa da ya rage masa daga ɗinki. Aka ɗaure ragon da shi, ragon ya sansana ƙyallen, ya yi shiru irin na mai nazari. Igiyarsa kuwa aka naɗa ta a janareta, ja ɗaya ya tashi.

Janaretan nan ya saba da injin aski, wanda ba ya cin komai. Da ya ji nauyin injin gogewa sai ya fara shan numfashi: ya yi ƙasa kamar zai mutu, sannan ya zabura. A zaburar farko soson ya watsa man gogewa a fuskar mai rabin aski. A ta biyu ya kama gefen farar rigar Dokta, ya naɗe ta har hammata, Dokta ya yi rawa da injin sau biyu a tsakiyar titi kafin ya ƙwace. A ta uku injin yana kan kaifin ƙofar baya, inda fenti ya fi rashin kauri, Dokta kuma ya danna da dukan nauyinsa don kada ya sake kufce masa. Wani wari ya tashi kamar an ƙona roba. Da ya ɗaga, sai ga wuri girman tafin hannu ya yi fari fat, fentin ya tafi, shafin ƙasa ya fito.

Jama'a suka matso suna leƙe.

"Alhamdu lillahi," in ji Dokta. "Na kai ga tushen ciwon."

"Tushen ciwon fari ne?" in ji tela.

"Kowane ciwo ka bi shi ƙasa fari ne. Aski, kana da baƙin rinin gashi?"

Akwai. Mai aski ya kwaɓa shi a murfin kwalba kamar yadda yake yi wa tsofaffin da za su ɗaurin aure, Dokta ya shafa a farin wurin da buroshin haƙori. Ya bushe ya zama ruwan ƙasa mai ja-ja.

"Haka yake yi da farko," in ji mai aski. "Sai an yi sau biyu. Kuma kada ta shiga rana kwana uku."

Ana cikin shafi na biyu Baba mai fenti ya dawo daga sayayya. Garejinsa yana ƙarshen layin, shekara arba'in yana fesa wa motoci fenti, har farcensa ya daina sanin launinsa na asali. Ya zo wucewa da galan a hannu, ya tsaya. Ya dubi gefen dama. Ya zagaya ya dubi gefen hagu. Ya ajiye galan ɗin a hankali, kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Saura rabi."

"Ɗana, ka san abin da ka goge?"

"Gishirin teku."

"Babu gishiri. Haka aka yi ta. Irin wannan fentin, da gangan ake hana shi sheƙi. Shafin samansa yana da ɗan kaushi da ido ba ya gani, shi ke shanye haske. Masu shi ƙarin kuɗi suke biya, su jira wata da watanni, don kawai motarsu kada ta yi ƙyalli. Kai kuma ka zauna ka goge kaushin tas."

Dokta ya yi dariya, ya waiwayi jama'a don su taya shi. Ba su taya shi ba.

"Baba, da girmanka. Wa zai ƙara kuɗi don motarsa ta yi kama da bayan tukunya?"

"Mai motar nan."

Matar Dokta tana tsaye a bakin ƙofa tun zuwan Baba. Ta sunkuya ta ɗauki katin da mijinta yake kwasar mai da shi, ta goge shi da gefen zaninta. Hotuna huɗu ne a jere. Injin gogewa, an ja masa jan layi. Gwangwanin mai, an ja masa jan layi. Buroshi, an ja masa jan layi. Na huɗun bokiti ne da kumfa, shi kaɗai aka yi wa alamar kore. Ta matso wurin Dokta. Ta riƙe katin daidai hancinsa har sai da tocilar goshinsa ta haska shi.

"To a mayar da kaushin mana," in ji tela.

"Ba a mayarwa," in ji Baba. "Sai an sake fesa gefen gaba ɗaya, kuma ni ba ni da irin fentin, ban san mai shi ba."

"Ƙarfe nawa?" in ji matar Dokta.

"Biyu da minti goma," in ji mai rabin aski, wanda har yanzu bai koma kujera ba.

Da wani mutum ne, da a nan zai zauna a ƙasa. Dokta ya gyara abin da ya rage na farar rigarsa.

"Abin da likita ya sa, likita ke cirewa. Sheƙi ne matsalar? A kawo samfefa."

Samfefa ta kashe sheƙin, amma ta bar farin zane kamar kyanwa ta yi faɗa da ƙofar. Dokta ya daina bayan ya ɓata wuri girman littafi. Ya gwada toka da ruwa, ta bushe ta zube. Ya gwada ruwan lemun tsami bisa shawarar mai tallan tabarau, ƙofar ta ƙara ƙyalli. Baba mai fenti ya ja benci, ya sayi lemo a wurin Gwaggo, ya ce shi yau kallo ya zo.

Mai aski ne ya kawo dabarar. "Ni fa in na aske mutum ƙwal, kansa yana ɗaukar ido, hoda nake sa masa."

"Hoda fara ce," in ji tela.

"A haɗa ta da gawayi."

Dokta ya ɗaga yatsa. "Abin da nake shirin faɗa ke nan."

Nan da nan layin ya zama masana'anta. Matar Dokta ta fito da turmi tana dakan gawayi, tana daka shi da wani irin ƙarfi da ya sa mijinta ya riƙa tsayawa nesa da taɓaryar. Gwaggo ta ba da rariyarta. Mai aski ya juye hodar shagonsa duka, ya kawo gwangwani uku na feshin gashi don garin ya kama jikin mota. Tsarin ya zama haka: mai aski ya fesa, tela ya tankaɗe garin daga sama yana tsaye a kan kujera, Dokta ya bi da kwali yana fifita a hankali yana ba da umarni. Mai rabin aski aka ba shi riƙon faranti. Mai tallan tabarau ya raba wa ma'aikata tabarau saboda ƙura, ya ce in an gama a dawo masa da su. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya tambaya, duk wanda ya tsaya tambaya sai a miƙa masa wani abu ya riƙe.

Abin mamaki, dabarar ta ci. Ƙarfe huɗu saura kwata, in ka tsaya taku biyar daga motar, gefen hagu da na dama ba su da bambanci. Farin wurin ya ɓace, zanen samfefa ya ɓace. Har Baba mai fenti ya tashi daga benci ya duba, ya ce shekararsa arba'in a sana'a bai taɓa ganin an yi wa mota kwalliyar amarya ba.

Dokta ya dawo cikin hayyacinsa gaba ɗaya. Ya karɓi allin tela ya zana layi a ƙasa kewaye da gefen hagu.

"Kada wanda ya tsallaka. Kada wanda ya yi atishawa. Wannan dabarar ba ta cikin bidiyo ko ɗaya, ni na ƙirƙiro ta. Nan gaba sai an zo daga ƙasashen waje ana koyo."

"In ta hau titi iska ta kwashe fa?" in ji matarsa.

"In ta hau titi, ai ta bar asibiti."

Ƙarfe huɗu daidai tasi ta sauke Yaya da lauyar. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, da farin mayafi da ƙaramar jaka. Ta dama suka ɓullo wa motar. Lauyar ta tsaya, ta shafa bonet da bayan hannunta, ta yi murmushi irin na wanda ya daɗe yana jira. Yaya ya leƙa ciki, ya duba ƙarƙashin kujeru, ya duba tayoyi.

"Ba laifi," in ji shi.

A bakin Yaya wannan kirari ne. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan makulli mai jan zare. Matar Dokta ta gane shi, na rumfar ne. Ta sauke numfashi.

Dokta ya yi wuf ya buɗe ƙofar dama ta gaba. "Ranki ya daɗe, bismilla, ta nan."

"Ni zan tuƙa."

"Ai sai ki tsallaka ta ciki. Ta nan ya fi inuwa."

Lauyar ta dube shi. Ta dubi rigarsa da rabinta ya yage, da tocilar da ke ci a goshinsa. Sannan ta juya ta dubi jama'ar da suka yi sahu a bakin titi, su kusan talatin, ba mai motsi, shida daga cikinsu sanye da baƙin tabarau mai takardar farashi a jiki. Aikinta ne ta lura da abin da mutane ba sa son a tambaya.

"Malam, me ya sa duk mutanen layin nan hannunsu baƙi ne?"

Hannaye talatin suka koma baya a lokaci guda.

"Sana'a ce, ranki ya daɗe. Layin masu aiki ne."

"Har mai sayar da lemo?"

"Ita ta fi kowa."

"Kuma me ya sa motata take ƙamshin shagon aski?"

"Sabulun ne. Na waje ne."

Ta zagaya ta gaban motar. Dokta ya bi ta yana cewa ƙasan wurin akwai santsi. Ta tsallaka layin allin. Mai aski ya rufe ido. Ta tsaya a gaban ƙofar direba, ta ɗan karkata kai, ta miƙa yatsa ɗaya ta ja shi daga madubin gefe zuwa mariƙin ƙofa. Wani siririn layi ya bi yatsan yana walƙiya. Ta dubi kan yatsan nata. Ta buɗe jaka ta ciro farin hankici, ta share wuri girman faranti, ta sunkuya. Fuskarta ta dube ta daga cikin ƙofar, har da 'yan kunnenta.

Yaya ya juya. Ya je ya ɗauki tiyo, ya buɗe famfo, ya fara daga gaba. Baƙin ruwa ya gangara kwata, yana ƙamshin turare. Ƙofar direba ta fito, ta baya ta fito, zanen samfefa ya fito, rinin gashi ya bi ruwa ya bar farin wurin kamar tafin hannu. Rana ta riga ta karkata, ta daki gefen motar, hasken ya tsallaka titi ya shiga shagon tela har bangon ciki. Waɗanda ke da tabarau ne kaɗai ba su kau da kai ba.

Yaya ya rufe famfo.

"Na ce maka me?"

"Yaya, in ka duba da idon basira, mota biyu ce yanzu a jiki ɗaya. Ta je ofis da gefen dama, ta je biki da..."

"Na ce maka me?"

"Ruwa da sabulu."

"Wanne daga cikinsu ne ba ka gane ba?"

"Ranki ya daɗe," in ji Dokta, ya juya wajen lauyar, "ki faɗi gaskiya, kin taɓa ganin sheƙi irin wannan?"

"Na gani," in ji ta. "A jikin kowace mota a gari. Shi ya sa na jira wannan wata huɗu."

Ta fito da wayarta ta fara ɗaukar hoto, a tsanake, daga gaba zuwa baya. Ta ɗauki allon ASIBITIN FENTI. Ta hango katin a hannun matar Dokta, ta karɓa, ta ɗauke shi gaba da baya. Yaya ya dubi makullin da ke hannunsa, ya dubi ƙanwarsa, ya mayar da shi aljihu, ya ja zif.

"Yaya," in ji ta, "wankin dai ya yi kyau."

"Ya yi," in ji Yaya.

A daidai nan jama'a suka dare gida biyu, ba wanda ya ce su dare. Ragon Gwaggo ne ya taho ta tsakiyarsu, yana tauna ƙarshen ƙyallen atamfa, sauran yana ja a ƙasa. Ya zo wucewa ta gefen motar, ya tsaya. A cikin ƙofar direba akwai wani farin rago, mai ƙaho murɗa biyu, yana tauna atamfa, yana kallonsa ido cikin ido. Ragon Gwaggo ya sunkuyar da kai. Wancan ma ya sunkuyar.

"Ina igiyar ragona?" in ji Gwaggo.

"Tana jikin janareta," in ji mai aski.

Ragon ya ja da baya taku bakwai. Tela ya hau kujera. Baba mai fenti ya ɗauke galan ɗinsa daga hanya. Lauyar ba ta sauke wayar ba, ta dai matsa gefe ta gyara tsayuwa.

Ƙarar karon ta kai ƙarshen layin. Ƙofar ta lotsa ciki kamar kwano, ƙararrawar motar ta kama kuka, fitilunta huɗu suna ƙiftawa.

Dokta ya dubi lotsawar, ya dubi jama'a, ya gyara tocilar goshinsa.

"Kun dai ji na faɗa tun da safe, sai ya rantse ɗan'uwansa ne a ciki."

Ragon ya girgiza kai, ya dubi ƙofar baya, ya ga wani ragon a ciki lafiyarsa ƙalau. Ya fara ja da baya, wannan karon har bakin shagon tela.